An Bar Mai Agogo a Tasha

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kwamfutarka da ta fi mu daraja a wurinka. Mu nan lafiya lau muke. Mama tana gaishe ka, Baban yara ma yana gaishe ka, yara kuma sun ce a tambaye ka ko har yanzu kai ne kawunsu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro. Na kira wayarka har na gaji, na tura saƙo ka karanta ka yi shiru, shi ya sa na yagi takarda na ba direban motar da ke zuwa wajenku. Abin dariya ne a ce yayar mai ƙera manhajar rubutu a waya ce take ninke takarda tana liƙe ambulan, amma ni dariyar ba ta zo min ba.

Bari in tuna maka, tunda na ga mantuwa ta kama ka da ƙuruciyarka. Ka zo gida hutu, ka same ni a shago ina zaɓar wa wani tela zif da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rubuta shafin ranar a waya. Ka ce abin tausayi ne a ce marubuciya kamata, mai zaure guda na masu karatu a waya, tana rubuta littafi a wurin da ake tura gaisuwa da tallan atamfa. Ka ce za ka ƙera min manhaja tawa ta kaina, in rubuta a ciki, su karanta a ciki, ba mai kwashe min labari ya kai wani wuri. Sharaɗinka ɗaya ne, in tsayar da labarin Mai Agogo a inda ya fi daɗi, in ce musu ci gaban sai a manhaja, don ranar buɗewa su taho gaba ɗaya. Na ce yaushe, ka ce ƙarshen wata. A gaban Mama na ce na yarda.

Na kuwa tsayar. Ka ma san a ina? Ban ga alama ba, don ba ka taɓa karanta ko layi ɗaya nawa ba. Dattijon nan mai gyaran agogo yana tsaye a tasha, yana jiran 'yarsa da rabonsa da ita tun tana goye. Mota ta tsaya, an buɗe ƙofa. A nan na ɗiga aya. Lokacin ana zafi. Yanzu ruwa ya sauka har rufin shagona ya fara yoyo a kan kwalin maɓallai, dattijo yana nan tsaye a tasha.

Kullum na buɗe zaure tambaya ɗaya ce. Nas, ƙawar nan tawa ta asibiti da take kula min da zauren, ta ba su haƙuri har ta fara ba ni tausayi. Jiya wata mata ta shigo shago, ko allura ba ta saya ba, ta dafa kantar shagon ta ce, "Anti Mai Zare, don Allah faɗa min ni kaɗai, 'yar ce ta fito daga motar ko ba ita ba ce?" Na ce ta ƙara haƙuri. Ta ce to in zuba mata haƙurin a leda ta tafi wa 'yan gidansu da shi, su ma sun dame ta.

Ina jin tsoro, Auta. Mai karatu ba ya jira har abada, kuma shekaru na yi ina tara mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ba na son dogon bayani, ka faɗa min ƙarshen wane wata kake nufi.

Ka gaida abokin aikinka. Allah ya yi maka albarka, ya kuma ba ka hanzari.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata abin girmamawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kina lafiya tare da Mama da maigidanki da yara. Ki ce wa yaran kawunsu yana nan, kuma yana sane da su.

Na samu wasiƙarki, na kuma fahimci duk abin da ta ƙunsa. Ina ba ki haƙuri game da kiran waya. Idan ina cikin aiki nakan kife ta ne don kada hankalina ya rabu biyu.

Game da manhaja, ina farin cikin sanar da ke cewa aiki ya yi nisa sosai. Jinkirin da aka samu yana da dalilai. Da farko mun yi shafin rubutun fari ne, sai muka lura farin yana gajiyar da ido, muka koma ruwan ƙasa mai haske, wanda hakan ya sa dole aka sake launin komai. Tambarin ma mun sake shi, domin na farkon ya yi kama da na wani kamfanin sabulu. Sannan akwai batun tsaro, wanda na ba shi muhimmanci ƙwarai saboda ke, don kada wani ya ɗauki wayarki ya karanta abin da ba ki fitar ba.

Yaya, ina roƙon ki fahimci cewa manhaja ba kamar ɗinkin riga ba ce, da za a yanka yau a karɓa jibi. Abin da mutane suka fara gani shi suke riƙewa. Idan muka fitar da ita da gyara a jikinta, an gama da mu tun ranar farko.

Na tura miki ta gwaji a waya. Ki sauke, ki ci gaba da rubuta labarinki a ciki ki tara shafuka, yadda ranar buɗewa za a same su a shirye. Za ki ga na sa wa wurin rubutun suna Ɗakin Shiru, domin na karanta cewa babban abin da marubuci yake buƙata shi ne natsuwa. Ina da yaƙinin za ta burge ki.

Da yardar Allah ƙarshen watan nan za a buɗe. Ki ƙara ba masu karatunki haƙuri a madadina.

Na gode ƙwarai da goyon baya.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Mama ta ga wasiƙarka da aka buga da injin ofis, ta ce a ajiye mata ita a ƙasan akwati, wai ɗanta ya zama babban mutum.

Manhaja ba ɗinkin riga ba ce, na ji. Amma telan da ya karɓi yadi ya ce ƙarshen wata, ya kai damina yana sake launin zare, a layinmu har gida ake bin sa.

Na sauke abin gwajinka. Ta ce in sa kalmar sirri. Na sa, ta ce ta yi gajarta. Na ƙara, ta ce sai da babban baƙi da lamba da wata alama. Na sa duka, na shiga, na ga ruwan ƙasarka, ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Na fara rubutu ke nan wata ta shigo neman allurar keke. Na ajiye waya na ba ta, na dawo, an kulle, sai na sake kalmar sirri. Auta, shago nake. Ba a minti biyar wani bai ɗaga labulen nan ba. A tsaye nake rubutu, da babban yatsa ɗaya, tsakanin mai zif da mai roba. Ka tsaya a kaina ka ga haka da idonka, sannan ka je ka ƙera wa wani mai tebur da kujera da ƙofa a rufe. Baban yara ya sa mata suna Mai Gadi, kullum ya dawo sai ya ce yau Mai Gadi ya bar ki kin shiga gidanki?

Wanda ya fi ƙona min rai shekaranjiya ne. Da ƙyar na samu rabin shafi, inda yaron mota yake sauko da jaka dattijo yana kallon hannun da zai karɓe ta. Wani tela ya zo da ƙyalle yana neman zare kore irinsa, na hau kujera na sauko da kwali, muka gwada kala-kala har ya samu. Na dawo na buɗe, wayam. Ko harafi babu. Sai wani ɗan alƙalami da kuka zana yana rawa a tsakiyar waya, an rubuta a ƙasansa wai barka da dawowa marubuciya. Na kife wayar na zauna a kan kwalin zare.

Sai Ɗakin Shirunka. Na duba ko'ina ban ga inda mai karatu zai yi magana ba. Wa ya ce maka shiru nake so? Bari in faɗa maka yadda nake aiki, tunda ba ka tambaya ba. Ni ban san ƙarshen labarina ba. Da safe nake tura shafi, kafin rana ta take sun kaure da faɗa. Wannan ta ce Mai Agogo ne da laifi da ya bar matarsa ta tafi da jaririya, waccan ta ce ke ba ki san talauci ba ne. Ina sallamar masu saye ina leƙa faɗan, a cikinsa nake tsintar shafin gobe. Maƙwabciyarsa ma da kowa yake so, wata mai karatu ce ta tambaya wa yake dafa wa tsohon nan abinci, washegari na buɗe mata ƙofa ta shigo labarin. Tun da na daina jin hayaniyarsu, rabin shafin nan kaɗai na iya, shi ma Mai Gadi ya cinye.

Saboda haka ka sake ni. Ka bar ni in koma zaure in ci gaba yadda na saba, kai kuma ka yi ta gyaran launinka a tsanake. In ka gama, sabon labari zan ba ka, na yi alkawari. Ba na son karya maganar da na yi a gaban Mama ba tare da ka yafe min ita ba, shi ya sa nake tambaya.

Ina jiran amsa da direban nan, kada ka bari ya juyo hannu biyu.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Wannan da hannu na rubuta, don babu injin ofis yanzu.

Na bar aiki, Yaya. Tun kafin wasiƙar da na aiko miki ta farko na ajiye takarda, waccan ma a shagon buga takardu na buga ta. Aikin kamfani da wannan ba su haɗuwa, na zaɓi wannan. Mama ba ta sani ba, don girman Allah kada ta ji. Abokin aikin nawa ma ya samu wani wuri ya tafi, ni kaɗai ne.

Akwai wasu mutane da suka ce za su zuba mana jari idan suka ga jama'a sun shigo da yawa ranar buɗewa. Ba launi za su duba ba, mutane za su duba. Ni kuwa ba ni da mutane sai naki. Sabon labari ba zai ja su ba, wanda suke ƙishirwa shi zai kawo su. Idan kika ba su shi a zaure, ranar buɗewa ni da ke ne kawai za mu shigo.

Na ji kunyar shafin da ya ɓace. Na duba, matsalar daga tushe take, yadda na gina wurin adana rubutun ne ba daidai ba. Faci ba zai riƙe ba, sai na warware na sake. Zan cire kullewar, zan kuma sa wurin sharhi. Da kin faɗa min haka kike aiki tun farko da ban ɓata lokaci a Ɗakin Shiru ba, amma na san ni ne ban tambaya ba.

Ban yafe miki maganar ba, Yaya. Ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ki gaida Mama, ki ce mata aiki lafiya.

Autanku.

*

Zuwa ga Anti Mai Zare,

Salamu alaikum ƙawata. Ya gida, ya yara, ya kasuwa? Na biyo ta shago daga wurin aiki na tarar kin tafi sarin kaya, wayarki kuma kin mai da ita abin ado, shi ya sa na tsaya na rubuta wannan a kan kantarki na bar wa maigidanki.

Na san kunya ce ta hana ki leƙa zaure, to ki ajiye kunyar ki saurare ni. Wata yarinya da take kiran kanta Tauraruwa ta ɗauki labarinki ta ci gaba. Da wasa ta fara. Ta rubuta cewa tunda Anti ta yi tafiya, ga yadda take hasashen abin da ya faru a tasha. Aka yi dariya, aka ce ta ƙara. Ta ƙara. Na goge, na gargaɗe ta, suka yi min ca, wai in ba zan kawo na gaske ba in bar su su rage zafi. Na cire ta daga zaure, sai ta buɗe nata, kafin in tashi daga aiki rabin mutanenmu sun bi ta. Ba su fita daga namu ba, suna nan, amma namu ya koma wurin sallama da cigiyar maganin ƙurajen yara.

Kullum da safe take turawa, daidai lokacin da kika saba. Hausarta ba ta kama ƙafar taki ba, ba ta san inda ake tsayawa ba, kowa a labarin ihu yake yi. Amma tana turawa, ƙawata. A wurinta ba 'yar ce ta fito daga motar ba, wata 'yar damfara ce da ta zo cinye dattijo. Maƙwabciya kuma ta mai da ita muguwa. Jiya a ɗakin hutunmu na ji ma'aikata biyu suna musu a kan labarin, har na matso da murna, ashe nata suke yi. Ɗaya sabuwa ce, ba ta ma san akwai ki ba.

Ban san me ke tsakaninki da ƙaninki ba, kuma ba na son shiga maganar gida. Amma ni ce nake tsaye a bakin ƙofar nan kullum, ina ganin masu fita. Shafi ɗaya kawai ki turo gobe da safe. Wallahi ɗaya ya isa, muryarki za su ji su dawo da gudu. In kika bari yarinyar nan ta kai labarin ƙarshe, ban san abin da za ki dawo ki tarar ba.

Na ɗauki zif baƙi guda biyu, na faɗa wa maigidan. Ki gaida Mama.

Taki,
Nas.

*

Auta,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Nas nan na haɗo maka, ka karanta da kanka, don kada ka ce ni ce da ƙari.

Ka ce za ka ƙera min wurin da ba mai kwashe min labari. To an kwashe, tun kafin ka sa ƙofa.

Na shiga zauren yarinyar da wayar Baban yara na karanta. Ta sa Mai Agogo yana zagi a tasha. Mutumin da na yi shekara ina lallaɓawa, wanda ko kaza ta shiga shagonsa sai ya ce mata ta yi haƙuri ta fita. Ta sa ya jefar da agogon da ya gyara wa 'yarsa a kwata. A ƙasa kuma ga mutanena, waɗanda na san su ɗaya-ɗaya da irin maganarsu, suna ta faɗansu mai daɗi, irin wanda nake ci da shi. Har matar nan da ta nemi haƙuri a leda tana ciki, ita ce kan gaba.

Na koma namu zauren na rubuta cewa wancan ba nawa ba ne. Ka san amsar da na samu? "To Anti kawo naki." Kuma ga abin da zai ba ka haushi, ko ni ya ba ni. Karanta faɗansu da na yi ya buɗe min kai. A tsaye a bayan kanta na rubuta shafi cikakke, a wurin tura saƙon nan da ka raina, ban ma san masu saye sun taru ba sai da wani ya buga kanta. 'Yar ce ta fito, Auta. Ta wuce shi ba ta gane shi ba, shi kuma ya gane ta da tafiyarta, irin ta uwarta. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba. Yatsana yana kan wurin turawa.

Sai na tuna kana zaune a ɗaki kai kaɗai ba aiki, Mama tana nan tana nuna wa maƙwabta wasiƙar ofis. Na ɗauke yatsana. Baban yara ya ce in tura kawai, ƙanina ne, zai yi fushi ya huce. Na ce ba fushinka nake tsoro ba. Ni na goya ka, na san yadda kake in abu ya karye maka, kwana da kwanaki ba ka cin abinci.

Amma ka sani ina jin haushinka, haushi mai yawa. Ka ɗaure ni da sirrinka bayan ka ɗaure ni da alkawari, kuma duka biyun ba ka shawarce ni ba. Ban taɓa roƙonka manhaja ba. Ina zamana lafiya da yatsana ɗaya da mutanena.

Ba na son launi, ba na son tambari, ba na son alƙalami mai rawa. Wurin rubutu, wurin karatu, wurin magana. Ko da ƙusa da guduma za ka haɗa su, ka haɗa ka turo. Yarinyar nan gudu take yi.

Allah ya taimake ka, ya taimake ni da kai.

Yayarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Wata ya ƙare, wani ya kama, na ji shiru.

Ta kashe shi. Ta sa mota ta buge shi a bakin tashar, ya mutu bai ga 'yarsa ba. Nas ta ce zaurenta kamar gidan makoki, ana ta yi masa addu'a. Mutum uku suka shigo shago yau suka yi min ta'aziyya, biyu da wasa, ɗaya kuwa da hawayenta.

Ni na san bai mutu ba. Yana nan a wayata, yana bin bayan 'yarsa da agogo a hannu.

Ba ni da abin da zan ƙara. Mama tana tambaya ko kana cin abinci.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Mama da kowa da kowa, gaisuwa ta farin ciki.

An gama, Yaya. Na tura miki a waya, ki sauke yanzu. Ba ta kullewa. Kowane harafi kika danna ta adana shi, ko caji ya ƙare, ko wayar ta faɗi. Na gwada ta a tsaye da yatsa ɗaya, ina ajiyewa ina ɗauka kamar mai shago, har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Wurin sharhi yana ƙarƙashin kowane shafi, kuma na sa shi yadda sharhin da ya fara shigowa zai tsaya a sama ki gan shi da kin buɗe. Alƙalamin ma na cire.

Na san na wuce lokaci. Da na gama adanawar sai na ga rubutun yana karkacewa a ƙananan wayoyi, ban iya barinsa haka ba.

Maganar yarinyar nan kada ta dame ki. Kowa ya san ke ce mai labari, da kin yi magana za su dawo. Mutanen da na faɗa miki za su duba yawan masu shigowa daga gobe. Ki sa shafin nan da kika ce, ki tura musu hanyar shiga a zaure. Ni ma na ƙagu in karanta, na fara daga farko, na kai inda maƙwabciya ta shigo. Ashe haka kike rubutu, Yaya.

Na gode da kika riƙe min. Ba zan manta ba.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, kowa lafiya.

Manhaja ta yi. Ba ta kulle ba, ba ta goge komai ba, na yi ciniki na dawo na tarar da rubutuna inda na bar shi. Sannu da aiki.

Na sa shafin, na tura hanyar shiga a zaure. Yawan waɗanda suka shigo kai ka fi ni gani a kwamfutarka, ba sai na faɗa maka ba. Nas ta shigo, da 'yan kaɗan.

Sharhin farko daga wata ce da ban sani ba. Ga abin da ta rubuta: "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki daina taɓa labarin mutane. Mai Agogo ya rasu, mun yi kukanmu mun gama. In kina son rubutu ki ƙirƙiri naki."

Yana nan a sama yadda ka tsara, kullum na buɗe shi nake fara gani. Na fara rubuta mata amsa na goge, don ban san da me zan nuna mata ni ce ba.

Ban rubuta shafi na gaba ba. Kada ka tambaye ni yaushe.

Ka zo gida ka faɗa wa Mama maganar aikinka da bakinka, ni na gaji da riƙo.

Yayarka.